Dick Tiger: Zakaran Duniya Da Yaƙin Basasa Ya Ci Wa Dukiya

Duk inda Hausawa suka zauna hirar dambe, sunayen da kan fara fitowa su ne Shago da Ɗandunawa, mazajen da kiɗan Ɗan Anace ya sa har gobe ba a manta da su ba. Matasanmu kuwa, in an ce dambe, sai su kawo Mike Tyson ko Anthony Joshua. Tsakanin waɗancan da waɗannan akwai wani ɗan Nijeriya da ya ci kambin duniya har sau uku, aka taɓa tara ƙasar nan kaf don kallonsa, amma yau da wuya a sami ɗalibin sakandare da zai iya faɗin ko daga ina ya fito. Sunansa Richard Ihetu, duniya kuma ta san shi da Dick Tiger. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a mujallar bana, domin labarinsa labarin mutumin da ya bar gida neman abinci ne, kamar yawancin masu karanta mu, kuma ƙarshensa ya shafi wani ciwo da mu mutanen Nasarawa muka san zafinsa.

Kafin mu shiga, yana da kyau mu bambance damben da ya yi da namu na gargajiya. A namu, hannu ɗaya ake naɗewa da zare, turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. A boksin hannu biyu ake sa wa safa, ana auna 'yan dambe a raba su aji-aji bisa nauyi, kuma a zamanin Tiger damben kambin duniya turmi 15 ne, kowane turmi minti 3. Idan ba wanda aka kayar har alƙalin wasa ya ƙirga goma, sai a koma ga maki.

Asalinsa

An haifi Richard Ihetu ranar 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo, cikin ƙasar Ibo, garin da yanzu yake jihar Imo. Bai yi nisa a makaranta ba. Tun yana yaro ya koma Aba, inda ya riƙa bin gidaje yana tara kwalabe yana kaiwa kasuwa. A Aba ya koyi boksin, a 1952 kuma ya mai da shi sana'a. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji da ƙarfin ƙafafu, kuma salonsa shi ne matsa wa abokin karawa ba ja da baya, yana dukan haƙarƙari har mutum ya sauke hannu.

A wancan lokaci ɗan damben da ya gagara a Nijeriya ba shi da wurin zuwa sai Ingila, musamman Liverpool, tashar jiragen ruwan da ke zirga-zirga zuwa Legas. Can Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya riga shi zuwa, shi ne kuma ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambin duniya, lokacin da ya doke Cherif Hamia a birnin Paris a watan Yuni na 1957. Tiger ya bi sahunsa a ƙarshen 1955.

Shekarun Ingila

Ingila ba ta karɓe shi da hannu biyu ba. Ga sanyin da bai saba da shi ba, ga abincin da bai sani ba, ga aikin ƙarfi da yake yi da rana a masana'antar fenti don ya biya kuɗin ɗaki. Wasanninsa huɗu na farko duk an cinye shi da maki. Wani da tuni ya tattara ya dawo gida, ko ya zauna yana ɗora wa alƙalai laifi. Shi kuwa sai ya lura cewa alƙalan Ingila yawan naushi mai tsabta suke ƙirgawa, ba tsalle da ƙarfin tuwo ba, ya gyara tsayuwarsa, ya koyi kare kansa.

A watan Mayu na 1957 aka kawo shi Landan don ya kara da Terry Downes, wani saurayi da Turawa ke ji da shi. An ɗauko Tiger ne a matsayin wanda za a yi wa duka don sunan Downes ya ƙara fita. Sai reshe ya juye da mujiya: Tiger ya yi masa dukan da ya sa aka tsai da wasan. Downes ɗin nan ba ƙanwar lasa ba ne, domin shi ma ya ci kambin duniya a 1961. A watan Maris na 1958 Tiger ya kayar da Pat McAteer a turmi na 9 a Liverpool, ya karɓi kambin ƙasashen renon Ingila na ajin matsakaita nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba.

Amurka da kambin farko

A 1959 ya wuce New York, inda kuɗin boksin da manyan mazajensa suke. Nan ma sai da ya sake shan ɗacin baƙunta. Karawarsa biyu ta farko da Rory Calhoun, ɗaya canjaras, ɗaya aka cinye shi. A 1960 wani ɗan Kanada, Wilf Greaves, ya ƙwace masa kambinsa, amma kafin shekarar ta fita ya karɓo abinsa. Daga nan ya shiga share manyan ajin ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana ba yadda za a yi a hana shi neman kambin duniya.

Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a San Francisco, ya tsaya turmi 15 da Gene Fullmer, Ba'amurke mai taurin kai da aka sani da dambe kamar kokawa, alƙalai duka suka ba Tiger. Yana da shekara 33, shekarun da 'yan dambe da yawa ke tunanin ajiye safa. Suka sake haɗuwa a Las Vegas a watan Fabrairu na 1963, aka tashi canjaras, kambi ya zauna a hannunsa.

Ranar Badun

Karo na uku shi ne wanda ya shiga tarihin ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tsaya a kan a kawo wasan gida, Ministan Ƙwadago da Wasanni, Cif J. M. Johnson, ya yi ta kai da komo, aka ɗauko Jack Solomons daga Ingila ya shirya. Ranar 10 ga Agusta, 1963, aka yi shi a filin wasa na Liberty da ke Badun. Shi ne damben kambin duniya na farko a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa.

Sai an tuna halin da ƙasa ke ciki kafin a gane nauyin wannan rana. Rikicin jam'iyyar AG ya raba Jihar Yamma biyu tun 1962, Cif Obafemi Awolowo yana gaban kotu bisa zargin cin amanar ƙasa, ga kuma gardamar ƙidayar jama'a tsakanin Arewa da Kudu. Duk da haka, a ranar nan ɗan Ibo ne ya shiga fage a birnin Yarabawa, ƙarƙashin gwamnatin da ɗan Arewa ke shugabanta, dubban mutane suna yi masa kirari da murya ɗaya. Tiger bai ba su kunya ba. Ya farfasa wa Fullmer fuska, bayan turmi na 7 mutanen Fullmer suka ce ya isa. Fullmer bai sake dambe ba har ya bar duniya. A shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girmamawa ta MBE.

Faɗuwa da tashi

Wata huɗu kacal bayan haka, ranar 7 ga Disamba, 1963, Joey Giardello ya cinye shi da maki a Atlantic City. Giardello ya yi alkawarin sake karawa, amma ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu. Tiger bai zauna jira ba. A watan Mayu na 1965 ya kai Rubin Carter ƙasa sau uku a wasa ɗaya, a watan Oktoba kuma ya karɓe kambinsa daga Giardello a zauren Madison Square Garden. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan dambe na shekara a 1962, ta sake zaɓensa a 1965.

A watan Afrilu na 1966 Emile Griffith ya ƙwace kambin, shi ne kuma mutum na farko da ya taɓa kai shi ƙasa. Masana suka ce tsufa ya zo. Maimakon ya yi murabus, sai ya hau ajin da ke sama, na masu kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ranar 16 ga Disamba, 1966, yana da shekara 37, ya doke José Torres ya zama zakaran duniya karo na uku. Ya sake doke shi a watan Mayu na 1967, har magoya bayan Torres suka yi ta jifa da kwalabe a cikin zauren don haushi.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da abu biyu: natsuwa da tattali. Ba ya shan giya, ba ya taba, ba a san shi da fankama ba, kuma duk da yana zakaran duniya, jirgin ƙarƙashin ƙasa yake hawa a New York kamar kowane lebura. Abin da ya samu gida yake aikawa, ya gina gidaje da wuraren kasuwanci a Aba da Legas, ya ɗauki nauyin karatun yara. Ya san cewa ƙarfin ɗan dambe na 'yan shekaru ne, ya yi wa gobe tanadi yadda ya kamata.

Yaƙin basasa

Abin da bai yi wa tanadi ba shi ne wargajewar ƙasar. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a gidansa a nan Kaduna, suka kashe Tafawa Ɓalewa da Cif Akintola da wasu manyan hafsoshi. A watan Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa. A wannan shekara aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Kaduna, waɗanda suka tsira suka cika jiragen ƙasa zuwa Gabas. Ranar 30 ga Mayu, 1967, Odumegwu Ojukwu ya shelanta Biyafara, a watan Yuli yaƙi ya ɓarke.

Tiger ya bi ɓangaren Biyafara. Ya karɓi muƙamin laftana a rundunarta, yana horar da sababbin sojoji motsa jiki, ya daina shiga fage da sunan Nijeriya, kuɗin dambensa kuma ya riƙa tura wa mutanensa da yunwa ke kashewa. A cikin wannan hali ne ya yarda ya kara da Bob Foster, dogon mutum mai mugun naushi, ranar 24 ga Mayu, 1968. A turmi na 4 Foster ya same shi da hagu, aka ƙirga masa goma, karo ɗaya tak a duk rayuwarsa. Ko bayan haka bai bari ba: ya doke Frankie DePaula a wasan da aka zaɓa mafi kyau a 1968, ya doke Nino Benvenuti na Italiya a 1969. A shekarar ya mayar wa Ingila lambarta ta MBE, don nuna fushi da makaman da take sayar wa Gwamnatin Tarayya.

Mu da iyayenmu da yayyenmu suka tsaya, wasu har suka kwanta dama, don Nijeriya ta zauna ƙasa ɗaya, ba mu ga matsayin da ya ɗauka da idon da ya gan shi ba. Amma adalci shi ne mu faɗa cewa mutum ne da ya ga an kashe nasa, ya ga gidansa ya zama fagen fama, ya zaɓi ya talauce tare da mutanensa alhali yana da hanyar zama lafiya a Amurka.

Yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970. Mafi yawan abin da ya tara ya salwanta. Ya yi wasansa na ƙarshe a watan Yuli na 1970, Griffith ya sake cinye shi. Zakaran duniya sau uku ya koma gadi a wani babban gidan tarihi a New York, a can ciwo ya kama shi, likitoci suka ce dajin hanta ne. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wadda ta ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, ta bar shi ya dawo gida a 1971. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42. Ya yi wasa 82, ya ci 60, an ci shi 19, canjaras 3. A 1991 aka shigar da sunansa zauren tunawa da manyan 'yan damben duniya a Amurka.

Abin da ya shafe mu

Tsakanin ranar Badun da fitar jiragen 'yan gudun hijira daga tashar Kaduna shekara uku ce kawai. Wannan lissafi bai kamata ya wuce mu haka nan ba. Nasarawa da Kakuri da Makera da Tirkaniya sun cika ne da mutanen da masaƙu suka jawo daga kowace kusurwa, tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957. Iyayenmu sun yi aiki a kan inji ɗaya, sun yi haya a gida ɗaya, 'ya'yansu sun zauna a benci ɗaya a makaranta. Sai rikicin 2000 da na 2002 suka zo, maƙwabci ya guje wa maƙwabci, kogi ya zama iyaka, KTL kanta ta rufe a 2002. Mutane da yawa da suka shekara talatin suna tara kwabo don gina gida sun bar shi a rana ɗaya, kamar yadda Tiger ya rasa nasa.

Saboda haka, 'yan'uwa da ke Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, ku ɗauki haƙurinsa na Liverpool da tattalinsa na New York, don su ne suka kai mai tara kwalabe ga kambin duniya. Amma ku haɗa da abin da ƙarshensa ya nuna, cewa gidan da kuke aikowa a gina a Nasarawa zaman lafiyar unguwar ne harsashinsa, kuma kula da shi yana wuyan masu aikowa kamar yadda yake wuyan mazauna. Allah ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.