Yaro cikin manya: tarihin shekaru a ƙwallon yaran Adar

A ƙasashen da ƙwallon yara ya zauna da gindinsa, iyaye da masu horarwa suna muhawara kan ko ya dace a ɗauki ƙungiyar 'yan shekara 11 a sa ta gasar 'yan 12 don ta ƙara gogewa. Mu a Adar tambayar a juye ta iske mu. Yaron Madawa ko Buza ko Keita bai san wani ƙwallo ba sai na cikin manya. Bayan la'asar filin lakwal ɗaya ne, tamaular ma ɗaya ce, kuma ta babba ce, don haka ɗan shekara 12 ko dai ya shiga cikin masu gemu ko ya tsaya bayan raga yana ɗauko ƙwallo. Da an gama girbi samari sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Legas da Kano, sai ƙungiyar gari ta cike gurbinsu da 'yan makaranta. In babban hutu ya zo aka buɗe gasar da ake kira TGV, unguwa tana neman kofi ne, ba ta tambayar shekarun kowa. Wasa da waɗanda suka girme ka ba zaɓi ba ne a nan. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi ƙaranci a filayenmu shi ne yaro ya samu wasa da sa'anninsa, kuma sai an samar da wannan tukuna ɗaga yaro sama zai zama horo mai ma'ana.

Rabon 'yan wasa zuwa minim da kade da jiniyo ya zo mana ne a kan takarda, daga tsarin Faransa, kuma tsari ne da ya dogara kacokan kan ranar haihuwa. Amma a ƙauyukan Maggiya da na kwarin Tarka yara da yawa a gida aka haife su, ba a rubuta ranar ba. Sai lokacin jarrabawa ya matso a je gaban alƙali a yi takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, a ƙiyasta shekara, sau da yawa a rubuta 1 ga Janairu. Uban da ya rage wa ɗansa shekara biyu don kada a hana shi zama aji bai yi tunanin ƙwallo ba, amma takardar nan ita ce za ta bi yaron har fili. Kakanninmu da idonsu suke haɗa yara. A dandalin kokawa, wadda gasar takobinta ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, ba a turo ƙaramin yaro ya kama ƙato; a ƙauye dattawa kan dubi tsawo da ƙirji da cinya su ce wannan ne sa'ansa. Ƙwallo ya zo ya ajiye wannan idon, ya ɗauki takardar da ba ta da tushe mai ƙarfi.

Abin da ya biyo baya a yankinmu na Afirka ta Yamma sananne ne, kuma ba yara ne suka hau sama ba, manya ne suka sauko ƙasa. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 16 na farko a Sin a 1985, nahiyar duka ta gane cewa a nan ne ake iya doke Turai. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriyar daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, har ta ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Mu ma ba mu tsira ba: a gasar kade ta Afirka da aka yi a Aljeriya a 2009 an kori Nijar saboda ɗan wasan da ya wuce shekaru, Malawi ta gaji gurbinta ta tafi kofin duniya. A shekarar ce FIFA ta wajabta ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI, don a ga ko mahaɗar ƙashin da ke girma ta rufe. In ta rufe ruf, ana ɗauka yaron ya haura 17. Gwajin ba ma'asumi ba ne, yana iya kayar da mai gaskiyar da ya girma da wuri, amma ya sauya wasan. A Agustan 2016 fiye da 'yan wasa 20 na sansanin Najeriya suka faɗi gwajin gab da karawa da Nijar, Mena ƙanana, wato kaden Nijar, suka fitar da zakarun duniyar da ci 3 da 1 a Yamai. A 2017 suka je kofin duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa da 1 da nema, suka kai zagaye na biyu kafin Gana ta tsayar da su. Shekara guda bayan haka, a Yamai ɗin dai, aka sallami Benin daga gasar share fage saboda wannan gwaji.

Wanda ba a cika tunawa da shi a wannan tarihi ba shi ne yaron da shekarunsa 15 na gaskiya. Duk lokacin da aka sa ɗan 20 cikin kade, an ɗaga wannan yaron sama ba da saninsa ba, kuma an auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Mai zaɓe ya zo, ya ga an ture shi sau uku, ya ce ba shi da jiki. Ya koma gida, bayan damina biyu yana cikin motar Agadas. Shekara da shekaru muna yin gwajin ɗaga yara sama a kan dubban yara, ba mu taɓa kiransa gwaji ba, kuma ba mu lissafa waɗanda suka zube.

Ba na musun amfanin da ke ciki. Yaron da ya fi sa'anninsa gudu da ƙarfi yana lalacewa a cikinsu: ya tura ƙwallo gaba, ya bi ta da gudu, ya ci, a yi masa tafi, bai koyi komai ba. Ka sa shi cikin waɗanda suka fi shi, wannan hanyar ta toshe. Dole ya ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso, ya tare ta da ƙafar da ke nesa da mai tsaronsa, ya saki da wuri, ya koyi sa jiki tsakanin ƙwallo da abokin gaba. Amma a dubi ɗayan yaron, siriri mai basira, a fili ɗaya. Karo na farko ya gwada yanka, aka kwashe masa ƙafa a kan tsakuwar Buza, gwiwa ta ɓare. Karo na biyu babban ƙungiyarsu ya daka masa tsawa don ya ɓatar da ƙwallo. Daga nan duk wadda ta zo masa sai ya doka ta gaba ya huta. An tura shi gefe, can kusa da layi inda ba a cika kai ƙwallo ba, ya yi minti 90 bai taɓa ta sau goma ba. Ya koyi kare kansa, amma yanka da dabara da ƙarfin halin cewa a ba ni, waɗanda su ne jarinsa, sun tafi. Ga kuma ciwon ƙasan gwiwa da na diddige da ke kama yara a shekarun da ƙashi ke tsawo, wanda babban fili da ƙwallo mai lamba 5 ke ƙara tsananta shi.

Za a kawo mini Ahmed Musa, wanda yana ɗan 17 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ko Pele a 1958, ko Lamine Yamal da ya fara buga wa manyan Barcelona yana da 15 a 2023. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan mutum ɗai-ɗai ne da suka riga suka gagari sa'anninsu, ba ɗagawar ce ta ƙera su ba. Kuma muna jin sunayensu ne don sun tsira. Freddy Adu, haifaffen Gana, ya shiga cikin ƙwararru a Amurka yana da 14 a 2004, duniya na kallonsa, ya ƙare yana yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Ko Yamal ɗin, akwai likita da mai kula da abincinsa da mai lissafa mintocinsa a bayansa. Yaron Keita ba shi da ko ɗaya.

Masana sun daɗe da nuna cewa shekarar takarda daban, shekarar jiki daban. Tun 1985 Roger Barnsley ya lura a wasan hoki na Kanada cewa waɗanda aka haifa a farkon shekarar zaɓe sun mamaye ƙungiyoyi, daga baya aka ga haka a ƙwallon matasan Turai: masu zaɓe suna ɗaukar girman jiki a matsayin baiwa. Tsakanin shekara 12 da 15 yara biyu 'yan wata ɗaya suna iya bambanta kamar wa da ƙane, ɗaya murya ta buɗe, ɗaya har yanzu yaro ne. Saboda haka Beljiyam ta kafa ƙungiyoyin ƙasa na musamman don masu jinkirin girma, makarantun ƙwallon Ingila kuma suka fara gasar da ake haɗa yara bisa matakin girmansu a 2015. Wato da awo da lissafi sun iso inda dattawan dandalin kokawa suke. A Nijar, inda fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙananan yara ke fama da tsumburewa saboda ƙarancin abinci, wannan tazara ta fi faɗi. A nan ne hujjar ɗaga ƙungiya gaba ɗaya take rushewa. Cikin yara 15 wataƙila biyu ko uku ne suka shirya, sauran an ja su ne don mai horarwa ya ce yaransa suna karawa da manya. Manomin albasa a kwarin Tarka ba ya cire irin gaba ɗaya rana ɗaya. Wanda ya yi kauri shi yake dasawa, sauran ya bar su su ƙara kwana.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na hali: ina kuɗin motar da za ta kai yara daga Keita zuwa Madawa, ina yaran da za su cika rukuni uku a ƙauye ɗaya? Amsar ba ta buƙatar mota. Fili ɗaya a raba shi biyu a kwance, a yi bakwai-bakwai ko biyar-biyar da ƙwallo mai lamba 4, ƙauyen da ba zai iya fitar da 22 ba zai fitar da 14, kuma kowane yaro zai taɓa ƙwallo fiye da yadda zai taɓa a babban fili. Masu shirya TGV su ware safiya ko wata rana don ƙanana, da nasu kofin. Inda takarda ba ta da tabbas, a haɗa rajistar shiga aji ɗaya da ke hannun daraktan lakwal da alamar tsawo a jikin bango, a auna kowa a gaban kowa ranar buɗe gasa. Yaron da ya gagari wannan rukuni a ba shi horo da manya sau ɗaya ko biyu a mako, a sa shi rabin wasa a inda ya saba bugawa, sunansa kuma ya ci gaba da zama cikin sa'anninsa. In aka ga ya daina neman ƙwallo, ko ya fara ɗingishi bayan wasa, a mayar da shi a makon, kuma mai horarwa ya je gida ya yi wa mahaifinsa bayani da kansa don kada unguwa ta ɗauka korarsa aka yi.