Noman da ba na gona ba

Ranar da na gaya wa mahaifina, Allah ya jiƙan sa, cewa an mayar da ni sashen noma, sai da ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Ke da na sayar da maraƙi na kai ki makarantar jinya don ki huta da fartanya, ashe can ma noman za su sa ki." Na rasa yadda zan yi masa bayani, don ni ma abin da aka koya mana a kai bai cika shafi ɗaya ba. Kalmar ba tamu ba ce, karo kawai ta yi da tamu. Daga Girkanci ta fito, daga kalmar da ke nufin kiwo, yadda dabba ke bin ciyawa tana cinyewa. Wanda ya taɓa ganin fuskar yaro a kwana na bakwai na wannan ciwo ba zai tambayi dalilin sunan ba.

Na riga na gamu da shi tun kafin wannan canjin aiki, ban dai gane shi ba. Ina sabuwar fita, a wani ƙaramin asibitin karkara, wata uwa ta shigo da ɗiyarta a goye, 'yar shekara uku da 'yan watanni, kuncinta na hagu a kumbure, miyau na dalala. Ta ce baƙon dauro ya sake ta mako biyu da suka wuce, tun daga nan ta ƙi abinci. Na taɓa kuncin, na ce hangum ne ko marurun haƙori, na ba da farasitamol, na ce su dawo in bai sace ba. Akwai wari, na kuwa ji shi, amma na ɗauka rashin wanke baki ne. Ranar kasuwa ce, layi har bakin ƙofa. Ban ce yarinyar ta buɗe baki ba. Bayan kwana biyar suka dawo, kuncin ya yi baƙin tabo kamar faɗin tsohon kwabo, fatar wurin ta mutu. Shugabanmu, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin disfensare na En'e, ya haska tocila cikin bakin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali yadda uwar ba za ta ji ba, "Sista, ba ki leƙa ciki ba ko?" Yarinyar ta rayu, amma da rami a fuska.

Haka yake tafiya. Daga dasashi yake farawa, ya ɗan kumbura, yana jini in an taɓa. Sai gyambo ya fito a gindin haƙora, baki ya soma wari irin na ruɓaɓɓen nama. Kafin a ankara kunci ya ɗaga, ya yi tauri. Daga nan zuwa mutuwar fata da tsoka da ƙashi kwanaki ne kawai, sau da yawa bai kai mako biyu ba. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ya fi kamawa, wato tsakanin yaye da famfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba su sami magani ba. Duk da haka a makaranta cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba aka jera mana shi. A gadon asibiti gaskiya ne, likita zai iya yin shekara goma a birni bai ga sabon kamu ba. Sai dai littafin asibiti waɗanda suka iso kaɗai yake ƙirgawa. Tara ɗin nan an yi musu sutura a ƙauye, aka ce zazzaɓi ne ko iska, na goman kuma an ɓoye shi a ɗaki saboda bakin mutane.

Turai ta san wannan ciwo sarai. Wani likita a Holan, Carolus Battus, ya bayyana shi a rubuce tun 1595, kuma mutanen Holan da Jamus suna ce masa dajin ruwa saboda yawan miyau. Yana bin annobar ƙyanda ne a unguwannin matalauta da gidajen marayu, kamar yadda yake yi mana. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin nan shi ne yadda ya bar su. Zuwa farkon ƙarni na 20 ya kusa ɓacewa daga Turai, alhali ba a ma gano fenisilin ba. Abinci ya wadata, ruwa ya tsabtata, sai ciwon ya kama gabansa. Da aka tara mutane a sansanonin 'yan Nazi na Auschwitz da Bergen-Belsen aka hana su abinci, ya dawo kamar jiya ya tafi.

A Nijeriya kuwa likitocin fiɗa ne suka fara rubuta tarihinsa, kuma wannan ya yi tasiri a kan yadda muka riƙa kallonsa. A 1966 wani Bature mai gyaran fuska, Michael Tempest, ya wallafa bayanin marasa lafiya 250 da ya gani a asibitin koyarwa na Ibadan. Cyril Enwonwu ya zo a 1972 da binciken da ya ɗaure ciwon da yunwa da talauci, ya kuma shafe shekaru da dama yana nanata wannan magana a duniya. A nan Arewa, Farfesa Adekeye na sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, tare da Robert Ord, sun fitar da nasu ƙa'idojin gyaran fuskar masu noma a 1983. Aiki ne na hannu ɗaya da kaya kaɗan, mutum ɗaya ya warke, ɗari na jira.

Shekarun 1990 ne suka sauya girman aikin. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta buɗe cibiya a 1992, tana karɓar yara, waɗanda raunin ya fi ƙarfin gida kuma a kai su Janiba. A Sakkwato ayarin likitoci daga Jamus da Holan suka fara zuwa a 1996, aka kuma buɗe Asibitin Yara Masu Noma a 1999, wanda har yau samun irinsa a duniya sai an tona. Daga aikin Sakkwato ne wani likita, Klaas Marck, da abokansa suka tsara hanyar auna ɓarna gaɓa-gaɓa: nawa ya tafi na hanci, nawa na kunci ta waje da ta ciki, nawa na leɓen sama da na ƙasa, kuma muƙamuƙi na buɗuwa ko ya ƙi. Kafin wannan, kowane likita da yadda yake kwatanta abin da ya gani, da wuya a gwada aikin wani da na wani.

Wanda bai shiga ɗakin tiyatar noma ba yakan zaci wahalar tana wajen ɗinki. Tana farawa tun wajen sa barci. Tabon noma idan ya warke yakan janye ya ɗaure muƙamuƙi, wani lokaci ƙashi ya haɗe da ƙashi, baki ya rufe ruf. Na ga matashin da ya shekara goma sha biyar yana tura tuwo ta ramin kuncinsa da yatsa. To ta ina za a zura bututun numfashi? Sai ta hanci, da siririn madubi mai haske a baki, mai sa barci na kallo yana lallaɓawa, kowa a ɗakin ya yi tsit. In an wuce nan sai neman nama. Ramin kunci bango biyu yake so, na ciki da na waje. A yanko daga goshi, ko ƙarƙashin haɓa, ko a ɗago fatar ƙirji a miƙo ta fuska ba tare da an raba ta da gindinta ba, mara lafiya ya yi kusan mako uku kansa a karkace kafin a yanke. Leɓen da ya tafi kuma a ranto masa daga ɗan'uwansa. Ba a taɓa sabon rauni, sai ya lafa, yaron ya yi ƙiba, watanni sun shuɗe. Mutum ɗaya yakan shiga tiyata sau uku, sau huɗu, wani fiye.

Bayan likitoci sun cire safar hannu aikinmu ke farawa. Muƙamuƙin da aka saki da wuƙa komawa yake son yi. Kullum safe da yamma muna jera 'yan itacen danne harshe tsakanin haƙora, yau shida, jibi bakwai, yaro na kuka uwa na kuka. Idan suka koma gida aka bar wannan motsa baki, bayan shekara su dawo a rufe kamar ba a yi komai ba. Wannan shi ne babban giɓin tsarin baƙin likitoci masu zuwa mako biyu su tafi, kuma ina faɗar haka ne da ganin girmansu, don na ga hannayen da suka tsaya awa tara a kan fuskar ɗan talaka ba su karɓi sisi ba. Amma hoton fuska kafin tiyata da bayanta shi ke buɗe aljihun masu ba da taimako. Kwalbar maganin Flagyl da aka ba yaro a kwana na biyu, kuncinsa ya sace bai bar ko tabo ba, ba ta da hoton da za a nuna.

An kuma yi zamanin farautar ƙwayar cuta. A ƙarshen shekarun 1990 Enwonwu da abokin bincikensa Falkler sun nuna yatsa ga wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda ke ruɓar da kofaton tumaki da shanu. Maganar ta shiga hankali, don a gidajenmu akuya da yaro kwano ɗaya suke leƙawa. Mun yi ta gaya wa iyaye su raba turke da ɗakin kwana. Sai binciken da likitocin Janiba suka shafe shekara shida suna yi a yankin Damagaram ya fito a 2013, bai kama ƙwaya guda da laifi ba. Abin da ya samu shi ne tsumburewa saboda tamowa, da gudawa ko ciwon ƙirji na kwanan nan, da uwa mai yawan haihuwa, sannan ƙwayoyin da dama can suke zaune a bakin kowa sun rikice, wasu sun rinjayi wasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa noma ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, abin da har yau nake fama in fahimtar da kishiyoyi da maƙwabta masu janye 'ya'yansu.

Ga kuma matsalar suna, wadda ba a koyar da ita a kowace makaranta. Ba uwar da za ta zo ta ce ɗana na da noma. Za ta ce ciwon iska ne, ko ciwon daji. Kowane suna da ƙofar da yake kai mutum. In iska ce, wajen mai ruƙiyya ko mai hayaƙi za a nufa. In daji ne, kowa ya san abin da ake faɗa, wai daji ba ya son allura. In kumburi ne kawai, wanzami ya yi sakiya. Kwanaki huɗu ko biyar ɗin da magani ke aiki a cikinsu a nan suke ƙarewa. Da farko faɗa muke yi da masu maganin gargajiya, muna kiransu jahilai, su kuma suna riƙe marasa lafiyarsu. Daga baya aka gane cewa su ne ke ganin kuncin a kwana na biyu, mu sai a na goma. Bayan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta shiga aikin Sakkwato a 2014, fita ƙauyuka da zama da irin waɗannan mutane ya zama sashe na aikin kansa. Wani tsohon mai magani ya taɓa ce mini, "'Yata, ni ba na ƙin a ce na tura yaro asibiti. Abin da nake ƙi a ce ya mutu a hannuna."

A 2016 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya raba ciwon mataki biyar, daga gyambon dasashi zuwa tabon da ya zauna, don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya san inda yake tsaye. Maganin matakan farko abin kunya ne saboda arharsa: amoksisilin da metronidazol, kurkure baki da ruwan gishiri ko kuloheksidin, sinadarin bitamin A, ruwa, da abincin tamowa na gyaɗa da ke zuwa a leda. Yawancinsu suna nan a kantin maganin da ke bakin tasha.

Nijeriya ce ta miƙa takardar neman a sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a Janairun 2023, da sunan ƙasashe 32. Ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka amince. A cikin waɗanda suka tsaya gaban manya suka yi magana har da Mulikat Okanlawon, wadda ciwon ya ci fuskarta tana yarinya, aka yi mata tiyata a Sakkwato, ta kuma zama ma'aikaciya a asibitin. Ita da Fidel Strub, ɗan asalin Burkina Faso, suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira. Shekara ɗari huɗu likitoci na bayani a kan waɗannan fuskoki, sai yanzu masu fuskokin suka karɓi lasifika.

Yanzu ɗalibai ake turo mini. Ranar farko ba na buɗe littafi. Nakan ba kowa tocila da itacen danne harshe, in kai su layin awon yara, in ce duk yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda a ɗaga leɓensa a duba dasashi, a kuma sunkuya a shaƙi numfashinsa. Suna yatsina fuska, nakan bar su su yi.

Yarinyar nan ta ranar kasuwa ban sake ganinta ba. Da raunin ya lafa aka sallame su, uwar ta yi mini godiya har da durƙusawa. In tana raye yanzu ta haura talatin. Duk lokacin da aka tara masu jiran tiyata, mata na zaune a inuwa da mayafi a kan baki, nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta suna. In na zo kan wadda raminta ke kuncin hagu, sai in tambaye ta garinsu.