Kwalejin Valencia: Daga Azuzuwan Aro Zuwa Zakarar Kwalejojin Al'umma a Amurka

A shekarar 1967 ɗalibai 567 suka fara ɗaukar darasi a wasu 'yan ɗakunan wucin gadi da aka jera a harabar wata makarantar koyon sana'a da ke titin Oak Ridge, a birnin Orlando na jihar Fulorida. Filin na aro ne, ɗakunan kuwa irin waɗanda ake ɗaukowa a mota a dire ne. An raɗa wa makarantar suna Valencia Junior College, sunan wani irin lemun zaƙi da manoman yankin suka shahara da shi, aka kuma naɗa Albert Craig ya zama shugabanta na farko.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a san irin makarantar da ake magana a kai. Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta gwamnati mai karatun shekara biyu, wadda ke karɓar duk wanda ya gama sakandare, ba tare da an tsaya tantance makinsa ba. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma yawanci babu ɗakin kwana, kowa daga gida yake zuwa. Wani ya koyi aikin jinya ko na injiniya ya fita neman abinci, wani kuma ya yi rabin karatun digiri a nan ya ƙarasa sauran a jami'a. Mai karatu a Najeriya zai iya tuna mai difloma da ke shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, sai dai su can a aji uku ake karɓarsa. Ta farko a irin waɗannan makarantu ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, kuma rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, shi ya ƙara musu ƙaimi a faɗin ƙasar.

Fulorida ta tsara nata tun 1957, bisa shawarar wani masanin ilimi, James Wattenbarger: kwalejoji 28, a rarraba su yadda kusan kowane mazaunin jihar zai iya zuwa makaranta ya koma gida a rana ɗaya. Orlando ta yi jinkirin samun tata, domin tana da wata kwaleji mai zaman kanta, Orlando Junior College, wadda ba ta karɓar baƙar fata da Yahudawa. Garin kuwa yana girma, kamfanin Martin mai ƙera makamai masu linzami ya kafa masana'anta yana neman ƙwararru. Wasu manyan gari, cikinsu har da lauya Raymer Maguire ƙarami, suka tsaya kai da fata sai an kafa kwalejin gwamnati da za ta karɓi kowa. Valencia ta buɗe, waccan ta rufe a 1971.

A wannan shekara ta 1971 ne abubuwa suka zo a jere. Makarantar ta koma mazauninta na dindindin a titin Kirkman, ta sauya suna zuwa Valencia Community College, sannan kamfanin Disney ya buɗe katafaren filin wasanninsa a gefen gari, wanda ya jawo otal-otal da dubban ma'aikata masu ƙaramin albashi, su da 'ya'yansu duk masu neman karatu. Reshen gabas ya biyo baya a 1975, na Osceola ya samu mazauninsa a 1997. James Gollattscheck ya shugabance ta daga 1970, Paul Gianini ya karɓa a 1984. Gine-gine suka yi ta tashi, rajista ta yi ta cika. Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da ya raba ta da ɗaruruwan takwarorinta.

Matsalar da ke damun dukkan irin waɗannan makarantu ita ce, yadda ake tururuwar shiga haka ake zubewa. Ɗalibi ya zo bai iya lissafin da ake buƙata ba, a tura shi ajin share fage, ya faɗi sau ɗaya ko biyu, ya ɓace ba wanda ya tambaya. Makaranta kuwa ba ta ji a jikinta ba, tunda kasonta na kuɗin gwamnati yana bin yawan kawunan da suka yi rajista ne, kuma kowane zango sababbi na nan tafe. Wajen 1995, a zamanin Gianini, malamai da ma'aikatan Valencia suka fara zama rukuni-rukuni suna tattauna wannan. Abin da ya fito daga zaman tambayoyi biyu ne da aka amince a riƙa yi wa kowace shawara, ko ta kasafin kuɗi ce ko ta jadawali: ta yaya wannan zai ƙara wa ɗalibi koyo, kuma ta yaya za mu san ya ƙara? Tambayoyin da sauƙin faɗi. Wahalarsu tana bayyana ne ranar da amsar ta ci karo da abin da wani ofishi ya saba yi shekara ashirin.

'Ya'yan farko da zaman ya haifa daga ɓangaren kula da harkokin ɗalibai suka fito. A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙaddamar da wani tsarin ba da shawara mai suna LifeMap, wanda Joyce Romano, da ta zama mataimakiyar shugaba mai kula da wannan ɓangare, ta kasance jigo a cikinsa. Tunanin shi ne, yawancin ɗaliban su ne na farko a gidajensu da suka taka babbar makaranta, babu yaya ko kawu da zai ce musu ga kwas ɗin da ya dace, ga wanda zai ɓata musu lokaci. Don haka a zangon farko mai ba da shawara ne ke ɗaukar kusan dukkan nauyin tsara wa ɗalibi hanya, sannan a hankali a riƙa sakar masa, har ya kai inda shi ke jan ragamar kansa. A 2002 aka haɗa wannan da manhajar Atlas, inda ɗalibi zai shiga ya tsara karatunsa zango-zango, ya ga abin da ya rage masa kafin ya kammala. Abin lura shi ne ba a bar wa ofishin shawara kaɗai wannan aiki ba. An so malamin lissafi da mai kula da ɗakin karatu su san tsarin, su iya tambayar ɗalibi inda ya dosa.

A shekarar 2000 Sanford Shugart, wanda aka fi sani da Sandy, ya zo daga wata kwaleji a Texas ya zama shugaba na huɗu. Mutum ne mai rubuta waƙa da kaɗa jita, amma abin da aka fi tunawa da shi wata doka ce mai kama da rashin tausayi. Alƙaluman makarantar sun nuna cewa waɗanda suka yi rajista a makare, suka shiga aji bayan an fara darasi, su ne suka fi faɗuwa. Aka yanke cewa da zarar aji ya zauna sau ɗaya, an rufe shi, ba a ƙara kowa. Wanda ya makara a ba shi wasu azuzuwan da ke farawa bayan 'yan makonni, domin shi ma ya ga ranar farko ta darasinsa.

A nan ne ake gane ko haɗin kan ma'aikata na gaskiya ne ko na fatar baki, domin dokar ta taɓa kowa. Masu kula da kuɗi sun san kowane ɗalibin da aka mayar kuɗi ne ke iya tafiya. Ofishin karɓar ɗalibai dole ya matso da wa'adin neman shiga. Ofishin tallafin karatu dole ya gama tantance takardu da wuri, in ba haka ba talaka ne zai fara makara, alhali don shi aka kafa makarantar. Shugabannin tsangayoyi da suka saba jiran ganin yawan rajista kafin su soke aji ko su nemo malamin wucin gadi a daren fara karatu, sai ga shi an ce su tsayar da jadawali tun da wuri, su raba ɗakuna, su ba malamai kwasa-kwasansu. Su kuma malamai, da suka saba ɗaukar makon farko a matsayin na gaisuwa da raba takarda tunda aji bai daidaita ba, yanzu ba su da uzuri: darasi ya fara daga minti na farko. Kowane ofishi ya bar wani jin daɗinsa. Da ofishi ɗaya ya noƙe, da dokar ta zama hukunci a kan ɗalibi kawai, kuma a ganina wannan shi ya sa makarantu da yawa da suka yaba tsarin suka kasa kwaikwayonsa.

Haka aka yi da layukan ofisoshi. A da, sabon ɗalibi yakan bi layi a tagar karɓa, a tura shi tagar tallafi, daga can a ce ya koma tagar ajiyar bayanai, alhali wataƙila mutum ne da ya roƙi izinin sa'a biyu daga wurin aiki. Sai aka buɗe wuri ɗaya mai suna Answer Center, aka horar da ma'aikatansa su san aikin dukkan tagogin, yadda yawancin tambayoyi za su ƙare a tebur guda. Duk wanda ya taɓa yawo da fayil daga ofishi zuwa ofishi ya san girman wannan. Ɗaya daga cikin aƙidun da makarantar ta riƙe ita ce, kwaleji ita ce abin da ɗalibi ya gani ya ji a jikinsa, ko da ma'aikata suna ganin komai na tafiya daidai daga bayan teburinsu.

A 2004 Valencia ta shiga sahun farko na shirin Achieving the Dream, wanda gidauniyar Lumina ta ɗauki nauyinsa, wanda kuma ke tilasta wa makaranta ta rarraba sakamakon ɗalibanta bisa launin fata da ƙarfin aljihu ta dube shi ido da ido. Aka ware kwasa-kwasai shida da kusan kowa ke bi ta cikinsu kuma ake yawan faɗuwa, huɗu daga ciki na lissafi ne, ɗaya na rubutun Turanci, ɗaya na tsarin mulkin Amurka. Aka ɗauki ɗaliban da suka ci kwas ɗin a baya, ana biyansu su zauna a aji tare da sababbi su kuma jagoranci bita bayan darasi. Aka haɗa wasu kwasa-kwasai bibbiyu, malamai biyu su tsara tare, ɗalibai iri ɗaya su zauna a duka biyun don su saba da juna. Aka kuma faɗaɗa darasin koyon zaman kwaleji, musamman ga waɗanda suka zo da rauni a fannoni da dama. Tazarar da ke tsakanin fararen fata da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a waɗannan kwasa-kwasai ta ragu ƙwarai. Sabon malami kuwa ba ya samun tabbacin aiki sai ya yi shekaru yana halartar horo, ya gwada wata dabarar koyarwa a ajinsa, ya auna sakamakon, ya kare shi a gaban 'yan uwansa malamai. Majalisun da ke tsara manufofi ma, malami ne ke raba kujerar shugabanci da jami'in gudanarwa.

Sauran abin da ya rage shi ne inda ɗalibi zai sa gaba. Dokar jihar ta riga ta ba mai takardar shekara biyu gurbi a ɗaya daga jami'o'in gwamnati, amma ba lallai wadda yake so ba. A 2006 aka fara DirectConnect, yarjejeniyar da ta ba duk wanda ya kammala a Valencia da wasu kwalejoji uku na yankin tabbacin shiga Jami'ar Tsakiyar Fulorida, wadda ke nan Orlando. Jami'ar ta girke masu ba da shawararta a harabar kwalejin. Sharaɗin a kammala tukuna ya ba ɗalibi dalilin tsayawa ya karɓi takardarsa maimakon ya tsallake da rabin karatu. Aka wayi gari kusan ɗaya cikin huɗu na masu kammala wannan jami'a daga Valencia suka faro.

A watan Disamba na 2011 Cibiyar Aspen ta ba da kyautarta ta farko ga kwalejin al'umma mafi nagarta a Amurka, daga cikin sama da 1,000, kuma Valencia ce ta ɗauka, da dala 600,000. A lokacin, sama da rabin ɗalibanta masu cikakken karatu ke kammalawa ko wucewa jami'a cikin shekara uku, alhali a faɗin ƙasa ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Sai dai a karanta wannan da idon basira. Kusan rabi ke nan ba su kai ba, a makarantar da aka ce ta fi kowa, kuma lissafin bai haɗa da masu karatu jefi-jefi ba, waɗanda su ne suka fi yawa. Shekara 16 aka ɗauka daga zaman farko zuwa wannan kyauta, a ƙarƙashin shugabanni biyu da na bayan bai rushe abin da na farkon ya fara ba.

A wannan shekara ta 2011 ce makarantar ta koma Valencia College saboda ta fara ba da wasu digirori na shekara huɗu. Ta buɗe reshen Lake Nona a 2012, na Poinciana a 2017, da wani a tsakiyar Orlando tare da jami'ar a 2019. Dokar jiha ta 2013 ta ɗage wa yawancin sababbin ɗalibai tilascin shiga ajin share fage, abin da ya sa dole a sake fasalin wani ɓangare na aikin baya. Kathleen Plinske, wadda ta daɗe tana jagorantar reshen Osceola, ta gaji Shugart a 2021. A da gundumar Osceola tana cikin na can ƙasa a gundumomi 67 na jihar wajen tura yara babbar makaranta, kuma daga 2022 hukumar gundumar ta fara biya wa duk wanda ya gama sakandare a cikinta kuɗin karatu a Valencia ko a kwalejin fasaha ta yankin. Makarantar da ta fara da mutum 567 yanzu tana koyar da wajen 70,000 a shekara.