Murjani: asalinsa, yadda ake gane na gaske da yadda ake adana shi

A cikin kayan adon da matan birnin Kano suka gada kaka da kakanni, kaɗan ne suka kai murjani daraja. A da ana saka shi a lefe, uwa kan bar wa 'yarta shi, kuma idan gida ya shiga matsi akan kai shi kasuwa ya fitar da mutum kunya. Sai dai yau jabunsa ya cika kasuwa, har ta kai mai saye na iya biyan kuɗin murjani ya koma gida da gilashi ko roba.

Mene ne murjani?

Ko da yake ana lissafa shi cikin duwatsun wuya, murjani ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Ƙashin wata halittar teku ce da masana ke kira Corallium rubrum. Ƙananan halittu ne farare masu kama da fure, suna zaune jingim a jikin duwatsun ƙarƙashin ruwa, suna gina wa kansu ja-ja-wur ɗin ƙashi mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Wannan ƙashi ake yankawa, a fafe, a huda, a goge.

Mazauninsa Tekun Bahar Rum ne da gaɓar Atlantika da ke maƙwabtaka da shi, a kogunan dutse da wurare masu duhu, daga zurfin mita kaɗan zuwa ɗaruruwan mitoci. Ya bambanta da murjanin da ke gina tsaunuka a tekuna masu ɗumi, irin wanda ake renonsa cikin akwatin gilashi a gidaje a Turai da Amurka, domin wancan yana buƙatar haske sosai kafin ya rayu.

Kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Reshen da za a iya fitar da babban ƙwaya daga jikinsa ya shafe gomman shekaru yana girma, kuma wannan shi ne tushen tsadarsa.

Sunan daga Larabci aka aro shi. Kalmar ta zo sau biyu a Suratur Rahman, a aya ta 22 da ta 58, ko da yake wasu malaman tafsiri sun fassara ta da ƙananan lu'ulu'u. Daga nan ne kuma aka samo sunan Murjanatu.

Yadda ya iso Kurmi

Tun ƙarnoni da dama ake ciro murjani a gaɓar Afirka ta Arewa. Garin El Kala na Aljeriya Larabawa sun san shi da Marsal Kharaz, wato tashar duwatsun ado, kuma 'yan kasuwar Jenowa sun riƙe tsibirin Tabarka na Tunisiya kusan shekara 200 saboda wannan sana'a, har zuwa 1741. A Italiya kuwa, garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli shi ne cibiyar sassaƙa murjani har gobe.

Daga waɗannan gaɓoɓi ayarin raƙuma ke ɗauko shi, ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas, zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Larabawan da ke wannan fatauci sun zauna a cikin birni, musamman a Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci su ake kira Turawa. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ambaci murjani cikin kayan da ya gani ana sayarwa a kasuwar. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta karya lagon fataucin Sahara, kaya suka koma shigowa ta Legas.

A kudu ma murjani na da matsayi babba. A Benin shi ne kayan sarautar Oba, kuma Fotugis sun riƙa kawo shi ta teku tun ƙarshen ƙarni na 15.

Abubuwan da ake sayarwa da sunansa

Ba kowane jan dutsen wuya ne murjani ba, kuma ba kowane mai kama da shi ne jabu ba. Tsakiya da lantana duwatsu ne na ƙasa masu darajar kansu, haka ma duwatsun gilashi na Masaga da ke Bida. Ha'inci yana shigowa ne idan aka sayar da wani abu da sunan murjani. Abubuwan da aka fi yin haka da su su ne gilashi, da roba, da ƙashi rinanne, da garin da aka cuɗa da danƙo aka matse, sai kuma wani farin murjani mai araha mai gaɓoɓi kamar gora, wanda ake rina shi ja. Wannan na ƙarshe ya fi rikita mai saye, domin shi ma daga teku yake.

Yadda ake gane na gaske

Mataki na farko shi ne dubawa da gilashin ƙara girma a cikin hasken rana. Murjanin gaske yana da siraran layuka a jere da suka bi tsawon reshen, kamar jijiyar katako. Gilashi kan nuna ƙananan kumfa a ciki, roba kuma takan nuna layin da aka haɗa ta a injin.

Na biyu, a duba bakin huda da tsagogi. Launin murjanin Bahar Rum iri ɗaya ne ciki da waje. Idan ja ya taru a tsagogi, ko cikin hudar ya yi fari-fari, to rini ne. Auduga da aka jiƙa da ruwan goge jan farce takan ɗauko rinin idan aka shafa a wuri ɓoyayye.

Na uku, nauyi da sanyi. Murjani yana da nauyi a hannu kuma da sanyi-sanyi a taɓawar farko, roba kuwa sakayau take. Allura mai zafi tana narka roba, ta tayar da wari.

Akwai gwajin lemun tsami da mutane suka sani: ɗigo ɗaya yana sa murjani ya yi ƙananan kumfa, domin sinadarinsa irin na alli ne da ɓawon ƙwai. Wannan yana raba shi da gilashi da roba, amma rinannen farin murjani ma yana kumfa, kuma tsamin yana cinye ƙyallin wurin. Gwajin madara kuwa, da ake cewa na gaske yana rina ta ja, ba abin dogaro ba ne.

Wajen zaɓe, abin da ke ɗaga farashi shi ne girman ƙwaya, da zurfin launi da daidaituwarsa, da rashin ramuka ko tsaga. Igiya mai manyan ƙwayoyi sumul, duk kai ɗaya, a farashi mai rahusa, abin tuhuma ce. Mai sayen kaya masu tsada ya tafi da wanda ya san harkar, ya sa a auna a gabansa, ya kuma karɓi rasit da aka rubuta sunan kayan ƙarara.

Kula da shi

Murjani mai taushi ne. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, yana wajen 3.5, don haka yashi da gilashi da wuƙa duk suna karce shi. A ajiye shi shi kaɗai cikin ƙyalle mai laushi, ba a jefa shi gwangwani ɗaya da sauran sarƙoƙi ba.

Abokan gabarsa su ne gumi da turare da duk wani abu mai tsami. Humra da man shafawa su bushe kafin a ɗaura shi, kuma kada a bar shi a wuya lokacin turara jiki, domin zafi yana disashe launinsa. A cire shi kafin wanka ko wanki ko girki. Bayan biki a goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a bar shi ya sha iska a inuwa. Zaren tsohuwar igiya yana ruɓewa, don haka a riƙa sabunta shi, da ƙulli tsakanin ƙwayoyi domin kada su goge juna ko su warwatse.

Me ya sa yake ƙara wuya?

An daɗe ana ciro murjani ta hanyar jan ƙarfe ko katako da raga a ƙasan teku, abin da ya kakkarya mazauninsa. Tarayyar Turai ta haramta wannan a 1994. Hukumar kula da kamun kifi a Bahar Rum ta hana ciro shi a zurfin da bai kai mita 50 ba a 2011, sannan ta ƙayyade cewa kaurin gindinsa ya kai milimita 7. Ɗumamar ruwan teku a 1999 da 2003 ita ma ta kashe shi da yawa a gaɓar Faransa da Italiya.

Ma'anar wannan ga gidajen cikin birni ita ce, tsohuwar igiyar da ke ƙasan adaka mai yiwuwa ta fi abin da za a samu sabo a kasuwa. Kafin a rabu da ita a rabon gado ko a sayar, ya kamata a kai ta ga fiye da masani ɗaya ya ƙimanta ta.