Kuɗin Fito a Bakin Hamada: Yadda Agadez Ta Ci Gajiyar Ayari

A birnin Bordo na Faransa, tsohon ginin duwan ya zama gidan tarihi tun 1984, an jera ma'aunai da kakin jami'ai da kayan fasa-ƙwauri da aka kama. A Agadez kuwa, mai son ganin tarihin haraji sai ya sa takalmi ya shiga lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Fada, babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, da gidajen attajirai masu zane a bango, duk arzikin hanya ne ya tsayar da su, kuma har yau da mutane a cikinsu.

Garin ba na noma ba ne. Abin da yake da shi shi ne matsayi: ayarin da ya taso daga Gat ko Gadamas zai nufi Katsina da Kano, nan yake yada zango. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sarkin Agadez na samun dukiya mai yawa daga fiton da fatake ke biya, shi kuma yana kai wa sarkin Songai gaisuwar zinariya dukat 150,000 duk shekara. Ko da marubucin ya ƙara gishiri, garin da aka ɗora wa irin wannan nauyi ba matalauci ba ne. Askiya Muhammadu na Songai bai kawo yaƙi nan a 1515 don sha'awar rairayi ba.

Bayani mafi dalla-dalla ya zo ne daga Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo garin a watan Oktoba na 1850 da sunan Abdulkarim, ya kuma tarar da naɗin Sarki Abdulƙadir. Gidan da ya sauka yana nan, ana nuna wa baƙi ɗakinsa a matsayin ɗan ƙaramin gidan tarihi. Barth ya iske gari ya lafa, kangaye ko'ina, mutane ba su wuce 7,000 ba a ƙiyasinsa, har ma da gero ake ciniki a kasuwa maimakon kuɗi. Duk da haka fito bai mutu ba. Kowane kayan raƙumi na hajar waje da ya shigo gari, sarki na karɓar miskali 10 a kansa. Abinci kaɗai aka ɗauke wa, kuma hikimar a fili take, don garin da ke jiran hatsi daga Damargu ba zai sa wa mai kawo gero shinge ba.

Babban jami'in wannan harka shi ne Sarkin Turawa, mai kula da Larabawan fatake da suka ƙetaro hamada. A zamanin Barth aikinsa mafi tsoka shi ne raka ayarin gishirin Abzinawan Kel Gres daga Agadez zuwa Sakkwato duk shekara. Shi ke tsare ayarin a hanya, shi ke shiga tsakani idan masu karɓar fito a ƙasar Sarkin Musulmi suka so wuce gona da iri. Ladansa kantun gishiri ɗaya a kan kowane kayan raƙumi, wato kashi ɗaya cikin takwas. A ayarin raƙuma dubbai, wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Amma madugu ya san abin da ya saya da kantunsa: rakiya, da bakin da za a saurara a fadar wani sarki. Mai karɓar harajin yana shan ƙura ɗaya da mai biya, abin da ba kowane mai tsaron shinge na yau zai iya tinƙaho da shi ba.

Faransawa sun kama garin a farkon ƙarni na 20. Bayan tawayen Kaosen na 1916 zuwa 1917, wanda Sarkin Agadez Tagama ya mara wa baya, sun murƙushe Abzin, ƙasar da garin yake cikinta, jama'a da yawa suka watse zuwa kudu. A lokacin ma jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano, hajar da a da ke ratso hamada ta koma bin teku. Ayarin gishirin Bilma da Fachi ne ya jure, don babu jirgin da ke zuwa can.

Yau manyan motoci ne ke bin hanyar Dirku zuwa Libiya, ko ta Arlit da Assamaka zuwa Aljeriya, 'yan duwan ke duba takardu. A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, direbobi da masu masauki da dama a Agadez suka rasa abin yi, wasu suka koma bin ɓarauniyar hanya mai haɗari. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, motoci suka koma fita daga tasha a bainar jama'a.