Gobara Dabam, Cinna Wuta Dabam

Kalmar gobara a bakin Bahaushe ba ta da mai laifi. Cewa muke yi gobara ta tashi, wuta ta kama, kamar yadda muke cewa hadari ya taso. Sai a je jaje, a ce Allah Ya mayar da alheri, a watse. Amma wutar da mutum ya sa da hannunsa don ya cuci wani, wannan ba mu da suna guda da muka yi mata. Da aikatau muke faɗinta: ya cinna wuta, ya banka wa shago wuta, ya ƙona da gangan. In abin ya yi yawa, gidajen rediyo su ce ƙone-ƙone. Ka lura, ba a cewa "cinna" sai hankali ya tafi ga wanda ya cinna.

Mu mutanen Jimeta mun san wannan bambanci tun kafin a karanta mana shi. A ƙarshen Fabrairun 1984, lokacin nan jihar Gongola ce, Janar Buhari na mulki, almajiran Maitatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka tayar da fitina a garin nan, shekara uku da 'yan watanni bayan ta Kano. Sai da soja suka shigo. An rasa ɗaruruwan rayuka, gidaje suka ƙone, babbar kasuwa ta tafi da jarin iyayenmu. Abin mamaki, yau za ka ji yaro ya ce "gobarar kasuwa ta 84", kai ka ce fitila ce ta faɗi a rumfar wani. Dattawan da suka kwashi toka da hannunsu ba sa faɗin haka. Su "lokacin da aka ƙona kasuwa" suke cewa.

To, me ya dame mu da kalma? Hukunci ne ke rataye a jikinta. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta, wanda ya halaka dukiyar wani shi ke da lamuninta, sai ya biya. Wanda kuwa aka ba ajiya, wuta ta cinye ba da sakacinsa ba, ba a bin sa komai. Ka ga ke nan, ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu, ko ya ci amanar kayan mutane, babu kalmar da yake so kamar gobara. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta ware ɓarna da wuta a matsayin laifi mai zaman kansa, da ɗauri mai tsanani.

Ba mu ce a zargi duk wanda shagonsa ya ƙone ba, wa'iyazubillahi. Wutar lantarki da fetur ɗin janareta sun isa su ci layi guda cikin iskar hunturu, kuma ƙazafi zunubi ne babba. Abin da muke roƙon shugabannin kasuwa shi ne, ranar da wuta ta ci rumfuna, a yi jaje, amma kada a rubuta "gobara" a takardar rabon tallafi sai 'yan kwana-kwana da 'yan sanda sun faɗi inda ta fara.