TARIHIN SLIRP: Dabarar 1995 da ke ba kwamfutar cikin wayarka intanet ba tare da ka yi rutin ba

Yau ba darasi zalla za mu yi ba, tarihi ne, amma a ƙarshe akwai abin gwadawa.

Kwanakin baya wani ƙanina ɗan makaranta ya kawo min wayarsa shago nan Ringim, tana ta kunna kanta tana kashewa, ko tambari ba ta wucewa. Na ce masa, "Kai me ka yi mata?" Ya ce, "Yaya, Linux nake son koya, kuma wani bidiyo ya ce sai na yi rutin sannan intanet za ta shiga ciki." Sai da muka yi filashin, hotunansa da takardunsa duk suka tafi. Ko da ma rutin ɗin ya yi, manhajojin banki da yawa ba sa yarda su buɗe a wayar da aka yi wa rutin. Abin haushin, wahalar banza ya sha. An warware matsalarsa tun 1995, lokacin jihar Jigawa tana da shekara huɗu kacal, ni kuwa ko haifata ba a yi ba.

INA MATSALAR TAKE?

Akwai manhajoji irin su QEMU da VirtualBox da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, abin da ake kira bacuwal mashin. Mu kira ta baƙuwa, wayar ko laftof ɗin da ta sauka a ciki kuma mai masauki. Baƙuwar tana da nata faifan ajiya da nata ram, amma duk na kwaikwayo ne. Kafin ta samu intanet sai an haɗa katin sadarwarta na kwaikwayo da duniyar waje. Hanyar da aka fi sani ita ce a ƙirƙiri sabon kati a can cikin zuciyar tsarin mai masauki, wanda ake kira tap, a ɗora masa gada. Toh wannan aikin sai mai cikakken iko: rut a Linux da Android, adimin a Windows. Kai da ke riƙe da wayar da ba a yi wa rutin ba, ko ka zauna a kwamfutar makaranta da aka kulle, ba ka da wannan ikon.

YADDA ABIN YA FARO

A farkon shekarun 1990, a Amurka da Turai da Ostareliya, da wayar tarho ta gida ake shiga intanet. Asusu iri biyu ne. Akwai mai araha da ake kira shel: ka buga lamba, ka shiga wata babbar kwamfutar Unix ta jami'a ko ta kamfani, baƙin allo da rubutu kawai za ka gani. Akwai kuma mai tsada, SLIP ko PPP, wanda ke ba kwamfutarka adireshinta na intanet. Da burauzar Mosaic ta fito a 1993, Netscape ya biyo baya a 1994, kowa ya so ganin hotuna, amma waɗannan burauzoji ba sa aiki da asusun shel. Kun ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya zama ɗan kallo kenan.

Wani kamfani mai suna Cyberspace Development ya fitar da manhajar TIA, wadda ke sa asusun shel ya yi aiki kamar SLIP, amma ta kuɗi ce. Sai a watan Maris na 1995 Danny Gasparovski, daga birnin Kanbera na Ostareliya, ya saki tasa kyauta, ya sa mata suna Slirp. Ya ɗauko lambobin TCP/IP na tsarin BSD, waɗanda asali a zuciyar tsari suke zama, ya mayar da su manhaja ta gama-gari da kowane mai asusu zai iya kunnawa ba sai ya nemi izinin adimin ba. Wasu kamfanonin intanet sun hana amfani da ita, don suna ganin tana karya musu kasuwar asusu mai tsada.

YADDA DABARAR TAKE AIKI

Ka ɗauka baƙo ne ya sauka a gidanku, mai gida bai ba shi izinin fasa katanga ya yi tasa ƙofar ba. Amma akwai yaron aike a gidan. Duk abin da baƙo yake so a kasuwa sai ya faɗa wa yaro, yaro ya bi ta zaure kamar kowa, ya sayo ya kawo. 'Yan kasuwa yaron suka sani, ba su ma san da baƙo ba. Slirp shi ne yaron nan. Kwamfutar da ke bayansa tana turo masa ƙunshin bayanai tana zaton da na'urar rauta take magana. Shi kuma ya kwance ƙunshin, ya ga inda aka nufa, ya buɗe haɗi na yau da kullum irin wanda Chrome ko WhatsApp ke buɗewa, amsa ta dawo ya sake ƙunshe ta ya miƙa. Buɗe irin wannan haɗin kuwa ba ya buƙatar rut. Shikenan sirrin.

MUTUWA DA FARFAƊOWA

Kafin shekarar 2000 asusun PPP ya yi araha, aka daina neman Slirp. Wani mai suna Kelly Price ne ya ci gaba da kula da ita, sai 'yan tsiraru masu haɗa ƙananan na'urorin hannu da kwamfuta suke taɓa ta. Mu nan ba mu ma ga wannan zamanin ba. Layin GSM ya shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, kuma a waɗannan shekarun ne gwamnatin Saminu Turaki ta kafa Galaxy a Dutse da makarantar Informatics a Kazaure. Yayyenmu a kafe suka fara taɓa intanet, a kwamfutar wani, da agogo yana ƙirga musu minti. Har yau yawancinmu haka muke: kwamfutar makaranta, ta ofis, ta aro. Shi ya sa wannan tarihin ya shafe mu.

A 2003 wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fitar da QEMU. Nan take ya ci karo da tsohuwar matsalar: baƙuwa tana son intanet, mai kunna ta ba adimin ba ne. A 2004 aka ɗauko Slirp aka dasa ta cikin QEMU. Maimakon wayar tarho, yanzu katin kwaikwayo ne ke turo mata ƙunshin. Daga nan ta bazu. VirtualBox, wanda kamfanin Innotek na Jamus ya buɗe wa jama'a a 2007, Sun ya saya a 2008, ya koma hannun Oracle a 2010, tsarinsa na NAT daga Slirp aka gina shi. Wayar kwaikwayon da masu rubuta manhajar Android ke gwaji da ita, ita ma a kan QEMU take. Shi ya sa duk inda ka je lambobi iri ɗaya za ka gani: baƙuwa 10.0.2.15, ƙofar fita 10.0.2.2, mai fassara sunayen shafuka 10.0.2.3. In ka taɓa ganinsu ka rasa daga ina suke, toh sawun yaron aiken ne.

A 2018 Akihiro Suda na kamfanin NTT a Japan ya fito da slirp4netns, don kwantena irin na Podman su samu intanet ba tare da rut ba. A 2019 aka ware lambobin zuwa ɗakin karatu mai zaman kansa, libslirp. A wannan shekarar an gano ramukan tsaro a tsofaffin lambobin, aka toshe. Daga baya Stefano Brivio na Red Hat ya rubuta sabuwa mai suna passt da 'yar uwarta pasta, kuma tun Podman 5.0 na 2024 pasta ce zaɓin farko. Manhaja ta canza, amma tunanin na 1995 ne.

GWADA DA WAYARKA

Sauke Termux daga F-Droid, ka buɗe, ka rubuta:

pkg install qemu-system-x86-64-headless

Sannan ka sauke faifan Alpine Linux nau'in virt na x86_64, bai kai megabayit 100 ba, datarka ba za ta ji jiki ba. Ka sa masa suna alpine.iso, ka tabbata yana cikin foldar da kake, sai ka rubuta wannan a layi ɗaya:

qemu-system-x86_64 -m 512 -cdrom alpine.iso -nographic -nic user,hostfwd=tcp:127.0.0.1:2222-:22

Kalmar user ɗin nan ita ce Slirp. Ka yi haƙuri, zai ɗauki mintuna kafin ya tashi. In ya nemi suna ka rubuta root, ba kalmar sirri. Kar ka tsorata, rut ɗin baƙuwa ne, bai taɓa wayarka ba. Sai ka rubuta:

ip link set eth0 up
udhcpc -i eth0

In ka ga 10.0.2.15, intanet ta shiga. Wayarka lafiya lau, manhajar bankinka na nan yadda take.

ABIN DA BA ZAI YI BA

Gaskiya ɗaya ce, yaron aike ba ƙofa ba ne. Na farko, wani daga waje ba zai iya sallama da baƙo ba sai an sanar da yaro tukuna. Aikin hostfwd kenan: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 2222 a wayar, a kai shi ƙofa ta 22 ta baƙuwa, inda SSH ke zama in ka kunna shi. Na biyu, a Linux ƙofofin da ke ƙasa da 1024 na rut ne, shi ya sa muka zaɓi 2222. Na uku, a wasu na'urorin ping ba ya aiki ko da intanet na nan, don haka kar ka ce ta ƙi saboda ping kawai. Na huɗu, bai kai gada gudu ba, kuma masu koyon binciken tsaro da ke son taɓa katin wayfai kai tsaye, wannan ba zai ba su ba. Amma koyon umarnin Linux, sauke manhaja, gwada ƙaramar saba, duk zai yi.

Sai jan kunne: don dabara ba ta buƙatar adimin, ba yana nufin an ba ka izini ba. In kwamfutar makaranta ce ko ta ofis, ka tambayi mai kula da ita tukuna.

Ƙanin nawa yanzu Alpine na tashi a wayarsa, a nan benci na shago muka saita, ba rutin ba filashin. Hotunan dai sun tafi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin yi wa wayarsa rutin saboda wannan, kafin ya kawo min ita a mace. Allah Ya sa mu dace.